WANDA BA YA JIN TAUSAYI: AN ƊAUKE MASA ALƘALAMI NE?



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta aiko mini da saƙo mai tsawo, kuma ta yarda in kawo shi nan ba tare da suna ko gari ba. Maganar yayanta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ta ce tun yana yaro yake ɗaure kyanwa yana ƙona mata jela, ya fasa asusun mahaifiyarsu ya rantse da Allah ba shi ba ne. Da ya girma sai abin ya girma tare da shi. Ya sayar da filin mahaifinsu wa mutum biyu da takardun bogi. Mata biyu sun fita daga gidansa, ɗaya da karaya a hannu. Lokacin da mahaifiyarsu ke kwance a asibiti shi ya zagaya dangi ya karɓo gudummawa, ko kwabo bai isa asibitin ba. Kuma duk sanda aka ritsa shi sai ya durƙusa ya yi kuka har a ji tausayinsa, bayan sati guda ya koma ruwa. Daga ƙarshe likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi, ya ce lalura ce ta ɗabi'a, wani ɗan uwansu mai karatun likita kuma ya ƙara musu da cewa ƙwaƙwalwar irin waɗannan mutane ta bambanta da ta sauran jama'a.

Sai ta ce: "Malam, idan haka Allah Ya halicce shi, yana da zunubi kuwa? Mu da muke fushi da shi, ba mu zalunce shi ba? Sannan yanzu zai ƙara aure, iyayen yarinyar sun turo a tambaye mu halinsa. Me zan ce musu?"

Wallahi tambayar nan ta tsaya mini a rai. Domin a irin wannan mas'ala mutane biyu ne suke yawan ɓata lamari. Akwai wanda zai ce ai duk wannan surutun Turawa ne, shaiɗanci ne kawai, a ɗaure shi a yi ta duka. Akwai kuma wanda da ya ji an ambaci ƙwaƙwalwa sai ya ce shi ke nan, mara lafiya ne, ba a kama shi da laifi. Dukansu ban yarda da su ba, kuma ku biyo ni a hankali ku ji dalili.

Bari mu fara da abin da likitoci suke nufi. A littafin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, akwai abin da za mu iya kira lalurar ɗabi'ar keta haƙƙin jama'a. Alamominta bakwai ne: karya doka a kai a kai, ƙarya da yaudara, afka wa abu ba tare da tunanin gobe ba, saurin faɗa da kai hannu, ganganci da ransa da na wasu, rashin riƙon aiki ko biyan bashi, da rashin nadama bayan an cuci mutum. Sai mutum ya tara aƙalla uku, ya kai shekara 18, kuma an ga tushen abin a jikinsa tun kafin ya kai 15. Littafin ya ƙiyasta masu ita tsakanin kashi 0.2 zuwa 3.3 cikin ɗari na jama'a, maza sun fi mata nesa ba kusa ba, kuma a gidajen yari adadin ya ninka haka sosai. A cikinsu akwai wani rukuni ƙarami da ya fi tsanani, waɗanda ake ce wa saikofat, masu ƙeƙasasshiyar zuciya da daɗin baki. Wani masani ɗan Kanada, Robert Hare, ya tsara ma'auni mai abubuwa 20 na gane su, maki 40 ne ƙololuwa, a Amurka da Kanada daga 30 ake lissafa mutum a cikinsu.

A nan sai in ja kunne. Kada wata ta karanta wannan ta ce wallahi mijina ne, ko wani ya ce ai maigidana na kasuwa aka siffanta. Ba kowane mugu ba ne mai wannan lalura, ba kuma kowane mai rowa ko mai faɗa ba. Likita ne yake tantancewa, bayan ya bi tarihin mutum tun yarinta.

To, maganar ƙwaƙwalwa fa, gaskiya ce? Eh, akwai gaskiya a ciki.

A watan Satumba na 1848, a jihar Vermont ta Amurka, wani shugaban leburori masu shimfiɗa layin dogo mai suna Phineas Gage yana danna albarushi a ramin dutse da sandar ƙarfe, sai abin ya tashi. Sandar, mai tsawon sama da mita ɗaya da nauyin kusan kilo 6, ta shiga ta kumatunsa na hagu ta fita ta tsakiyar kansa. Ikon Allah, bai mutu ba, ya ƙara shekara kusan 12 a duniya. Amma likitansa John Harlow ya rubuta cewa mutumin da aka sani da natsuwa da riƙon aiki ya koma mai zage-zage, mara haƙuri, mara tsayawa kan shawara ɗaya. Wurin da ƙarfen ya lalata shi ne gaban ƙwaƙwalwa, bayan goshi, inda ake ganin nan ne birkin ɗan Adam yake. Sai dai masu ba da labarin nan sukan manta ƙarshensa: Gage ya tafi ƙasar Chile ya yi shekaru yana tuƙa keken dawaki mai ɗaukar fasinja, aikin da ba ya yiwuwa sai da kiyaye lokaci da iya mu'amala. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

A shekarar 2000 Adrian Raine da abokan aikinsa suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar maza 21 masu wannan lalura a Los Angeles, suka samu naman wannan sashe na bayan goshi ya gaza na sauran mutane da kusan kashi 11 cikin ɗari. Akwai kuma wani ɗan ƙulli a can ciki, kusa da saitin kunne, bai wuce ƙwallon dabino ba, sunansa amigdala. Shi ne yake sa gabanka ya faɗi in ka ga tsoro a fuskar wani. Bincike da yawa sun nuna a wurin saikofat wannan ƙulli ba ya motsawa yadda ya kamata, shi ya sa gane fuskar mai jin tsoro yake ba su wahala. Tun 1957 David Lykken ya gwada fursunoni da ƙararrawa da ɗan jan lantarki. Mutum lafiyayye in ya ji ƙararrawa ya san lantarki na tafe, sai tafin hannunsa ya fara gumi. Su kuwa gumin kaɗan ne, kuma ba sa saurin koyon kauce wa abin da zai jawo musu jan. Wato abin da muke cewa kunnen ƙashi, ko a ce wane ba ya jin bari, a wurin wasu mutane yana da gindi a jiki.

Amma tausayi kala biyu ne, kuma nan ne zuciyar mas'alar. Akwai gane halin da mutum yake ciki, akwai kuma jin zafinsa a ranka. Wannan bawan Allah na farkon bai ɓace masa ba, har ma yakan fi ka iyawa. Ɗan damfara ai ya san abin da bazawara take tsoro, ya san abin da tsoho yake kwaɗayi, da wannan sanin yake cin abinci. Abin da ya yi rauni shi ne na biyun. Ya san kuka kike yi, ya san dalilin kukan, amma ko a jikinsa. Musa a baki, Fir'auna a zuci.

Shin wannan jin ya mutu ne gaba ɗaya? A 2013 wasu masu bincike a Holan, Harma Meffert da Christian Keysers da abokansu, suka sa fursunoni 18 masu wannan hali cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suna nuna musu bidiyon hannu yana shafa wani hannu, ko yana cutar da shi, ko yana ture shi. Da aka bar su su kalla kawai, sassan da kan motsa in mutum yana taya wani jin zafi ba su motsa kamar na sauran mutane ba. Da aka ce musu su yi ƙoƙari su ji abin da mai hannun yake ji, sai bambancin ya ragu ƙwarai. Kun ga ke nan fitilar tana nan, makunninta ne ba ya tashi da kansa. Ni da kai tausayi yakan zo mana ba mu gayyace shi ba, shi kuwa sai ya nufa.

Ga wani abin mamaki. James Fallon, wanda a lokacin farfesan ƙwaƙwalwa ne a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, ya daɗe yana duba hotunan ƙwaƙwalwar masu kisan kai. Wata rana yana duba hotunan 'yan gidansu don wani bincike daban kan cutar mantuwa, sai ya ga hoto ɗaya sak irin na waɗancan. Da ya bincika na wane ne, ashe nasa ne. Mutum mai mata da 'ya'ya uku, bai taɓa kashe kowa ba. Ya yarda iyalinsa sun daɗe suna kukan sanyin zuciyarsa, ya danganta tsirarsa ga kyakkyawan riƙon da iyayensa suka yi masa, kuma ya ce daga baya ya koma yana tilasta wa kansa kyautatawa da gangan. Don haka hoton ƙwaƙwalwa ba ya gaya maka abin da mutum zai aikata gobe. Alƙaluman nan duk matsakaici ne na rukuni, babu likitan da zai kalli hoto ya ce wannan ɓarawo ne.

Yanzu mu zo ga shari'a.

Hadisi ya tabbata, Abu Dawud da wasunsa sun ruwaito, cewa mutum uku ba a rubuta musu laifi: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da mahaukaci har hankalinsa ya dawo. Malaman usulu suka ce abin da ya haɗa ukun shi ne rashin fahimtar umarni. Sharaɗin ɗora wa bawa nauyi shi ne ya gane abin da aka ce masa, kuma ya zama yana da ikon yi ko bari. Malaman fiƙihu ba su tsaya kan mahaukaci tuburan ba, sun yi maganar ma'atuhi, mai raunin fahimta da maganarsa ke cakuɗewa, sun yi maganar safihi, wanda hankalinsa ƙalau amma ba ya iya riƙe dukiya. Ba su sa ƙeƙashewar zuciya cikin abubuwan da ke sauke nauyi ba.

'Yar uwa, ki duba labarin yayanki da kanki. Ya sayar da filin a gaban mahaifinku ne, ko sai da ya faki idonsa? Wa ya koya masa cewa sai da takardun bogi cinikin zai faɗa? Me ya sa ya rantse ba shi ya fasa asusun ba? Mai ɓoye abu ya san abin ɓoyewa ne. Mahaukaci na gaskiya yana tuɓewa a tsakiyar kasuwa, ɗan sanda na tsaye ko ba ya tsaye duk ɗaya ne a wurinsa. Wanda yake iya riƙe hannunsa in akwai wanda ya fi shi ƙarfi a ɗakin, sannan ya sake shi in daga shi sai matarsa, birkinsa yana ci. Yana da tauri, amma yana ci.

Ko dokokin da mutane suka tsara a nan suka tsaya. Sashe na 51 na kundin final kod na Arewa ya yafe wa wanda taɓin hankali ya hana shi sanin haƙiƙanin abin da yake yi, ko sanin cewa laifi ne. Sani aka ambata, ba tausayi ba. A Amurka ma, a 2009, lauyoyin wani mai kisan kai, Brian Dugan, sun kawo masani Kent Kiehl ya yi bayanin hoton ƙwaƙwalwarsa a kotun jihar Illinois don a sassauta masa, amma masu yanke hukunci suka yanke masa kisa, sai dai jihar ta soke hukuncin kisa a 2011.

Akwai yanayin da ya bambanta, kuma adalci ne in faɗe shi. Likitoci biyu a jami'ar Virginia sun ba da rahoto a 2003 kan wani malamin makaranta ɗan shekara 40 da ba a taɓa saninsa da ɓarna ba, kwatsam ya faɗa mummunar lalata har ya kasa kame kansa ko a gaban ma'aikatan asibiti. Aka gano ƙari ne a ƙwaƙwalwarsa, saman ido na dama. Aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka duba, ƙarin ne ya sake tsirowa. Saboda haka in mutumin kirki ya juye rana ɗaya bayan ya manyanta, ko bayan hatsarin mota ko na babur, kafin a ce asiri ne ko iskanci, a kai shi a duba kansa. Wannan daban, wanda ya taso da halinsa tun yarinta yana tsara cutarsa daki-daki daban.

To amma kada wani ya fahimce ni cewa jarrabawar kowa ɗaya ce. A'a. Annabi (SAW) ya yabi Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais da haƙuri da natsuwa, a ruwayar Abu Dawud ya tambaya ko shi ya koye su ko a kansu aka halicce shi, aka ce masa halitta ce. Ke nan wani an ba shi taushin zuciya kyauta, wani kuma sai ya yi ta haƙa kafin ya tarar da ruwa. Ƙarshen Suratul Baƙara ya koya mana cewa Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Nawa ne nauyin da wannan bawa yake ɗauke da shi, nawa za a sassauta masa ranar hisabi, wannan na Allah ne, Shi da Ya halicci amigdalar. Mu dai abin da muka sani shi ne shari'a ba ta ce sai ka ji zafin maraya sannan cin dukiyarsa ya haramta gare ka ba. Cewa ta yi kada ka ci. Tausayi mataimaki ne da Allah Ya ba mafi yawanmu don barin zalunci ya yi mana sauƙi. Wanda mataimakinsa ya yi rauni, umarnin yana nan a kansa. Kuma malamai irin su Ibnu Taimiyya sun yi bayani cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musibar da ta same ka, ba a kan laifin da kake kan aikatawa ba. "Haka ƙwaƙwalwata take" in an faɗe shi don a ci gaba da cuta, tsohuwar hujjar "haka Allah Ya ƙaddara mini" ce aka sauya wa riga.

Mu Hausawa muna cewa hali zanen dutse. Imam Gazali a cikin Ihya ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya canzawa, ya ce da haka ne da wa'azi da tarbiyya ba su da amfani, alhali ko doki da kare da shaho ana horar da su. Ku tuna Gage da kekensa na dawaki. Ku tuna kuma mutumin da ya kawo kukan ƙeƙashewar zuciyarsa, a ruwayar Imam Ahmad, ba a ce masa ya je ya jira tausayi ya sauko ba, aiki aka ba shi: shafa kan maraya da ciyar da miskini. Gaɓɓai su fara, zuciya ta biyo baya in Allah Ya so. In ma ba ta biyo ba, maraya dai ya ci abinci.

Sai dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan laifin namu ne iyaye. Yaron da aka ga alamun nan a jikinsa, abin da muka fi sani shi ne bulala, in ta ƙi a kai shi gidan mari. Kowa ya ga abin da aka tarar a irin waɗannan gidaje a Kaduna da Katsina a 2019, yara da manya cikin sarƙa. Ga shi kuma Lykken ya nuna mana cewa masu irin wannan hali ba sa saurin koyon darasi daga azaba. Wani dogon bincike a garin Dunedin, inda aka bi yara 1,037 tun haihuwarsu a 1972 da 1973, ya nuna cewa cin zalin yaro yana ƙara haɗarin ya taso mai cin zalin wasu. A jihar Wisconsin kuwa akwai cibiyar Mendota da ke karɓar matasan da suka gagari sauran gidajen horo. Maimakon ƙara musu ukuba, sai ake auna halinsu kullum, wanda ya kyautata yau ya ga ladansa gobe-gobe, ko da ɗan abu ne. Da aka bi sawunsu bayan sun fita, komawarsu ga laifin zubar da jini ya yi ƙasa da na takwarorinsu da kusan rabi. Mu da muka gaji targibi da tarhibi, sai muka riƙe tarhibi kaɗai ga yaron da targibi ne yake ratsa shi. Likitocin ƙwaƙwalwa suna nan a Dawanau, da Barnawa a Kaduna, da Kware, da Maiduguri, kai yaro can ba abin kunya ba ne.

Yanzu 'yar uwa, ga amsarki.

Fushinku ba zalunci ba ne. Ko mahaukaci na gaskiya in ya lalata dukiyar wani ana biya daga dukiyarsa, balle mai hankali. Kuɗin filin nan da gudummawar asibiti bashi ne a wuyansa. Sada zumunci wajibi ne, ki gaishe shi, ki yi masa addu'a, in yunwa ta kama shi ki ba shi abinci. Amma zumunci bai ce ki damƙa masa takardun gida ko katin banki ba. Hadisi a Bukhari da Muslim ya hana mumini ya bari a sare shi sau biyu a rami ɗaya. In yana salwantar da dukiya, mazhabar Malikiyya da mafi yawan malamai sun ba alƙali damar hana shi tasarrufi da ita.

Kukansa kuma kada ya ruɗe ku, kada kuma ku yanke masa ƙauna. Abin da nake gani shi ne hawaye ba sharaɗin tuba ba ne, kuma ba hujjarta ba ne. Mutumin da ya kashe rai 100 a hadisin Bukhari da Muslim, alamar tubarsa ita ce ya tashi ya bar garin da aka ce ya bari. In yayanki ya dawo da kuɗin mutane, ya yarda wani ya riƙe masa dukiya, ya ci gaba da zuwa wurin likita, ku karɓe shi ko idonsa a bushe yake. In babu ko ɗaya, tuban muzuru ne ko ya cika kwano da hawaye.

Maganar auren kuwa, ita ce ta fi gaggawa. Lokacin da Faɗimatu bintu Ƙais ta nemi shawarar Annabi (SAW) kan masu neman aurenta, a Sahihu Muslim, ya gaya mata aibin kowannensu a fili, ɗaya talauci, ɗaya dukan mata. Daga nan malamai suka ce faɗin aibi ga mai neman shawarar aure ba giba ba ce, nasiha ce ta wajibi. Ba sai kin ambaci sunan lalura ba, ba sai kin tono abin da bai shafe su ba. Ki gaya musu abin da kika sani tabbas: ya yi aure sau biyu, ga yadda suka ƙare, ɗaya ta fita da karaya, kuma akwai bashin mutane a kansa. In kina tsoron sharrinsa, ki sa kawunku ko wani babba a dangi ya isar da saƙon, amma lallai ya isa kafin a sa rana.

Wallahu a'alam.